Ɓeran Da Ba Ya Ƙoshi: Gado Ko Laifi?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci kowane abu bisa ƙaddara, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, mutane sun saba idan sun ga mai ƙiba su ce zarin ci ne ya kai shi. Shin wannan hukunci adalci ne? Akwai wani darasi game da haka a wurin ɓera.

A shekarar 1949, a ɗakin bincike na Jackson da ke jihar Maine ta Amurka, an ga waɗansu ɓeraye masu ci babu ƙaƙƙautawa, har nauyinsu ya kan kai ninki uku na 'yan'uwansu. Wani masani, Douglas Coleman, ya haɗa jikin ɓera mai ƙiba da na lafiyayye yadda jininsu zai gauraya, sai mai ƙibar ya rage ci, ya soma ramewa. Watau akwai wani abu cikin jinin lafiyayyen wanda ɗayan ya rasa. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano ƙwayar gadon da ta lalace. Aikinta shi ne ta sa kitse ya fitar da sinadarin da aka raɗa wa suna leptin, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki yana da isasshen guzuri. Idan babu shi, ɓera zai zauna cikin yunwa ko da ciki ya cika. A 1997 likitoci a Cambridge ta Ingila sun sami yara biyu masu irin wannan larura. Coleman da Friedman sun karɓi Kyautar Sarki Faisal ta fannin likitanci a 2013.

To, wa zai zargi wannan ɓera da kwaɗayi? Malaman Usulu sun tabbatar da cewa taklifi yana tafiya ne tare da iko, kamar yadda ƙarshen Suratul Baƙara ya nuna. Yunwa ba aiki ba ce da bawa ya zaɓa, kuma ba a raba ta daidai tsakanin bayi ba. Wani zai ci loma biyar ya ƙoshi, ya ɗauka haƙurinsa ne, alhali kuwa baiwa ce da bai yi mata wahala ba. Idan ya yi wa ɗan'uwansa izgili, ya faɗa cikin abin da Suratul Hujurati ta hana.

Sai dai kada a zarce zuwa ra'ayin Jabriyya, masu cewa mutum ba shi da zaɓi. Rashin leptin gaba ɗaya abu ne mai ƙarancin aukuwa ga 'yan Adam. Ga mafi yawan mutane, gado yana karkatar da jiki ne kawai, abinci da motsa jiki suna da nasu rabo. Kuma ɓera ba ya azumi, mutum kuwa an ba shi hankali. Saboda haka hanin da Suratul A'arafi ta yi game da almubazzaranci wajen ci yana nan, haka nan shiryarwar hadisin Tirmizi ta kasa ciki kashi uku: abinci, abin sha da numfashi.

Hukuncin da ya dace shi ne kowa ya tsananta wa kansa, ya sassauta wa waninsa. Ma'aunin kasuwa yana auna tsoka da kitse, amma gwargwadon yaƙin da bawa ke yi da ransa, Allah kaɗai Ya san shi, kuma a kansa ne sakamako ya ke. Wanda larura ta kama shi ya nemi magani, domin neman magani sunna ne.

Allah Ya ba da ikon kame baki daga ƙoshin da ya wuce kima, da kuma cin naman bayinSa. Amin.