Kada Ka Hana Baba Shiga Binciken Gigin Tsufa

Ɗana, ba ni aron kunnenka, maganar iyayenka zan yi maka.

Ka san gigin tsufa ko da bai shigo gidanku ba. Tsohuwa ta sallame la'asar, ta sake miƙewa ta kabbara wata. Dattijon da ya tsufa yana limanci ya fito daga masallaci ya kasa gane hanyar gida, sai yaran unguwa sun riƙo hannunsa. Mukan ce tsufa ne, wasu su ce sammu, har a jefi baiwar Allah da maita. Alhali cutar ƙwaƙwalwa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da ita, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Har yau babu maganin da ke warkar da ita.

Shi ya sa masana suka koma ga rigakafi, kuma ba a gwada rigakafi a kan wanda ciwo ya riga ya kayar. Cutar Alzheimer, wadda ita ce ta fi jawo wannan gigi, takan fara ɓarna shekara 15 zuwa 20 kafin a ga alama, kamar gara da ke cin azara alhali ɗaki na tsaye. Don haka ranar da likitoci suka zo neman dattawa masu cikakken hankali, kada ka ce, “Baba lafiyarsa ƙalau, me za a yi da shi?” Wannan lafiyar ita ake nema.

A ƙasar Finland an tara mutum 1,260 masu shekara 60 zuwa 77 aka raba su biyu. Rabi aka ba su shawarar lafiya kawai. Rabi aka gyara musu abinci, aka sa su motsa jiki da wasa ƙwaƙwalwa, ana bibiyar jininsu. Da aka fitar da sakamako a 2015, bayan shekara biyu ana binsu, na biyun sun fi kaifin tunani. A nan Najeriya ma, tun 1992 tsofaffin Ibadan suka amince aka riƙa kwatanta su da baƙar fatar birnin Indiyanafolis na Amurka, aka tarar cutar ta fi ƙaranci sosai a Ibadan. Ka ga ke nan abin da aka gano a jikin wasu ba lalle ya dace da namu ba. Tuwonmu, hayaƙin murhunmu, hawan jinin da ba ma aunawa, zamanmu na gandu, babu mai sanin tasirinsu sai an duba tsofaffinmu.

Na san abin da ke ranka. Kano ba ta manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Tsoronka na da tushe. Amma ka mai da shi tambaya. Wace jami'a ko asibiti ce ta turo likitocin? Kwamitin kula da ɗa'ar bincike ya ba su izini? Magani za a ba Baba, ko tambayoyi ne da awon jini? Wa zai ga sakamakon? A karanta masa takardar amincewa da Hausa, a gabanka, kafin ya sa hannu ko ya dangwala. Yana da 'yancin fita duk ranar da ya ga dama. Wanda ya ƙi amsa waɗannan, ka sallame shi tun daga zaure.

Sannan ka tuna, Baba ba yaro ba ne. Hankalinsa na nan, hukunci nasa ne. Naka shi ne ka bayyana masa gaskiya, in ya yarda ka kai shi da kanka, ka kuma riƙe masa ranakun komawa, domin irin wannan bincike shekaru yake ɗauka. Wataƙila shi ba zai ci moriyarsa ba, amma kai da 'ya'yanka kuna kan hanyar tsufa, kuma ilmi mai amfani sadaka ce mai gudana. Allah Ya bar iyayenmu da hankalinsu har ƙarshen rayuwa.