Shekara Biyu da Ta Zama Arba'in

A unguwar Sabo ta Ibadan, garin da mutanenmu suka fi kira Badun, akwai amsa guda da mutum zai ji a bakin kusan kowane dattijon da ba a nan aka yanke cibiyarsa ba, in ya tambaye shi abin da ya kawo shi Kurmi. Zai ce ya zo ne ya yi shekara ɗaya ko biyu, ya haɗa ɗan jari ko kuɗin aure, ya koma gida. Haka wani dattijo mutumin ƙasar Katsina ya faɗa mini wata rana bayan la'asar, alhali kuwa a lokacin ya haura shekara arba'in a unguwar, jikokinsa na wasa a gabanmu suna juya Yarbanci kamar yadda suke juya Hausa. Na ce, "Baba, to yaushe za a koma?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai har yanzu ana shiri."

Tun daga ranar nake juya tambaya guda a zuci: shin wannan bawan Allah ya cim ma burinsa, ko kuwa ya faɗi? Ya mallaki gida, ya aurar da 'ya'ya, ya sauke farali, ana sallama da shi in an yi rigima a layinsu. Amma abin da ya ɗaura wa aniya ranar da ya hau jirgin ƙasa, wato komawa, bai yi shi ba.

Kafin a yanke masa hukunci, ya kamata mai karatu ya san irin wurin da ya sauka. An keɓe wa Hausawa Sabo a shekarar 1916, bayan sun daɗe a warwatse cikin gidajen Yarbawa. Layin dogo ya riga ya haɗa Ikko da Kano, goron da a da ake takawa har Gwanja a ɗauko ya fara samuwa a gonakin ƙasar Yarbawa irin su Shagamu, mutanen Kurmi kuma suna bukatar naman shanun Arewa. Sai Sabo ta zama mahaɗa: shanu su gangaro, goro ya haura. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a shekarun 1962 da 1963, ya fito da littafi a kanta a 1969, ya kuma bayyana yadda wannan fatauci ya rataya kacokan a wuyan masu gidajen sauƙar baƙi. Falke ya kawo shanunsa ya sauka wurin maigida. Dillalan maigida su sayar wa mahautan gari bashi, a jira 'yan makonni. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai san yadda zai yi da baƙonsa. Dukiya mai yawa ke yawo a haka, ba da sa hannun lauya ba.

A cikin wannan tsari akwai tsani da saurayi zai taka. Yakan fara da dako ko ɗaurin huhun goro, yana kwana a zaure. In an ga ba ya taɓa abin da ba nasa ba, sai ya zama yaron maigida, a riƙa aikensa da kuɗi. Daga nan ya shiga dillanci, yana cin la'ada. Sau da yawa maigidan ne zai yi masa aure, ya ba shi ɗaki. Mai rabo kuma wata rana shi ma ya sauki nasa baƙi. Babu matakin da ake tsallakewa, kuma kowanne yana cin shekaru.

To, a nan ne lauje yake cikin naɗi. Jarin da saurayin nan yake tarawa, mafi yawansa ba a aljihu yake ba. Yana cikin zukatan fataken da suka yarda da shi, da mahautan da ya san halin kowannensu, wanda ke biya a kan kari da wanda sai an bi shi har gida. Irin wannan jari ba ya shiga mota. Ranar da ya ɗauki akwatinsa ya nufi Katsina, ya bar shi ke nan a bakin kara, ya isa gida da 'yan kuɗin da ba za su kai shi damina biyu ba. Wato duk matakin da ya taka don ya sami ikon komawa, shi ne kuma yake ƙara ɗaure masa ƙafa. Da raggo ne, da tuni yunwa ta mai da shi gida.

Saboda haka ina ganin wajibi ne a rarrabe tsakanin ɓawon buri da ƙwayarsa. Saurayin da ya ce zai koma gida da jari, ba hanyar Funtuwa yake ƙauna ba. Abin da yake so shi ne ya zama mutum: ya ci da iyayensa, ya yi iyali, kada a raina shi a cikin sa'o'insa. Komawa ita ce siffar da wannan muradi ya ɗauka a kan ɗan shekara ashirin, domin a lokacin bai san wani wurin da ake zama mutum ba sai garinsu. In ya sami ƙwayar a Badun, to zaluntarsa ne a ce ya faɗi don kawai ɓawon ya sāke.

Sai dai wannan hujja tana da daɗin baki ƙwarai, kuma duk abin da ya cika daɗi a bakin mai neman uzuri, a yi hattara da shi. A Sabon nan dai akwai wani irin mutum, shi ma ya zo shekara biyu ya yi arba'in, har yau a rumfar wani yake kwana, abin da ya samu da safe ya ƙare kafin isha. Tambaye shi, zai ce maka haka Allah ya ƙaddara, zafin nema ba ya kawo samu. Gaskiya ne, ba mai ja da ƙaddara. Amma ƙaddara ana saninta ne bayan an yi iyakar ƙoƙari. Wanda ya ambace ta tun kafin ya ɗaga ƙafa, ya mai da ita bargo ne. Kunya ta hana shi komawa hannu wofi, rashin tsari ya hana shi ci gaba, ya tsaya a tsakiya yana kiran tsayuwar tasa haƙuri.

Me ya raba su, tunda dukkansu ba su koma ba? A nawa ganin, lissafi ne. Na farkon, ko da bai iya boko ba, ya san abin da yake nema bana, ya san nawa zai zuba a adashi, ya san watan da zai kwasa da abin da zai yi da kuɗin. Da ya ga hanya ta karkata, ya bi ta da saninsa. Na biyun bai sauya buri ba, bai kuma bi shi ba. Ya bar shi ne ya ruɓe kamar goron da aka ƙi sāke wa ganye. Masu sana'ar sun san huhu ba a ɗaure shi a manta. Lokaci-lokaci sai an kwance, an tsince mai tsutsa, an mai da sabon ganye.

Wannan magana ba ta tsaya a kan fatake ba. A cikin masu karanta wannan mujalla akwai wanda ya zo jami'a da niyyar karanta lauya, aka ba shi Hausa, ya shekara uku yana zama a aji kamar baƙon da ke jiran mota. Bai rungumi abin da ke hannunsa ba, bai kuma yi wani yunƙuri na komawa ga wanda ya so ba. Da zai zauna ya tambayi kansa abin da ya nema a lauyancin tun asali, kuɗi ne, ko suna, ko ƙwato wa mai rauni haƙƙinsa, da ya san ko zai same shi a inda yake, ko kuwa lalle sai ya tashi.

Ba na kuma cewa tunanin gida wauta ne. Kasuwar shanu ta daɗe da barin Sabo, jikokin dillalai da yawa sun koma canjin kuɗi da wasu sana'o'i. A watan Fabrairun 2021 kuwa, da rikici ya tashi a kasuwar Shasha a nan Ibadan, an rasa rayuka, an ƙone shaguna da gidaje, mutane da dama suka yi Arewa da abin da ke jikinsu. Wanda ya ajiye ko ɗaki guda a garinsu, a ranar ya san amfaninsa.

Dattijon nan ma ashe bai taɓa sakin wancan gefen ba. Ya sayi fili a garinsu tun da ƙuruciya, ya sa harsashi, ginin ya kai taga ya tsaya, kowace shekara yana aika wa ƙanensa ɗan abin da za a yi shara da shi. Da Allah ya karɓi abinsa, a Badun aka yi masa sutura. Bayan an yi sadakar arba'in sai ƙanen ya aiko yana tambayar babban ɗan ko a sayar da filin a raba, tunda an sami mai saye. Ɗan, wanda sau biyu kacal ya taɓa taka garin, ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara. Zuwana na ƙarshe na tarar bai ba da amsa ba, amma kuɗin sharar bana ya aika.