Taron Tuna Masaƙa: Rufin Asiri Ko Faɗin Gaskiya?

A shekarar 1994, wasu ma'aikata da ke aikin gyara a wani tsohon shago a garin Bilakban na ƙasar Ingila suka ci karo da wasu durom-durom na ƙarfe a ɗakin ƙasa. Da aka buɗe, sai ga faya-fayen fim wajen 800 a nannaɗe. Aikin wasu mutum biyu ne, Sagar Mitchell da James Kenyon, waɗanda suka yi sana'ar ɗaukar fim a farkon ƙarni na 20. Dabararsu ba wata mai wuya ba ce. Sai su kafa kyamara a ƙofar masaƙa daidai lokacin tashi daga aiki, su ɗauki ma'aikata suna tuɗaɗowa waje. Ba da jimawa ba sai a nuna fim ɗin a cikin tanti a filin wasa, kowa ya biya kuɗi ya shiga don ya ga fuskarsa a bango. Su dai abinci suke nema, kamar kowane furodusa namu na Kano. Ba su san tarihi suke ajiyewa ba.

An gyara finafinan, har tashar BBC ta nuna su a 2005, kuma yanzu mai waya zai iya samun wasu a intanet. Na kalle su fiye da a ƙirga. Ga mata sun lulluɓe kai da mayafi, ga takalman katako a ƙafa, ga yara maza suna cire hula suna tsalle gaban kyamara, irin dai yadda yaran unguwa ke yi mana in an je lokeshin. Babu sauti ko kaɗan. Wanda duk ya kalla zai ce, kai, mutanen nan suna cikin jin daɗi!

To amma fa kyamarar a waje ta tsaya, ba ta shiga ciki ba. Da yawa daga cikin yaran nan 'yan shekara 12 ne ko 13, rabin yini suna masaƙa, rabin yini suna makaranta suna gyangyaɗi, tsarin da sai dokar ilimi ta 1918 ta yi sanadin kawar da shi. A ciki, ƙarar injuna ta kai ga masaƙa ba sa jin juna, sai dai su karanci leɓe, kuma da yawa sun tsufa da kurumta. Ƙurar auduga tana cin huhu a hankali. Akwai ma wata al'ada da suke kira sumbatar ƙoshiya: idan zare ya ƙare, mace za ta ɗora baki a kan ƙoshiyar saƙa ta zuƙo bakin zaren ta wani ɗan rami, sau da yawa a yini, kuma ƙoshiyar da ta fito daga bakin wata ita ce za ta shiga bakinta, har aka riƙa zargin abin da yaɗa tarin fuka. Duk wannan babu shi a fim. Daga bakin mutane aka ji shi.

Bilakban tana cikin lardin Lankasha, wanda a da shi ne uwar saƙa ta duniya. Yau masaƙun sun mutu, wasu an rushe, wasu an mai da su shaguna da gidajen haya. Ɗaya daga cikin na ƙarshe masu aiki da injin tururi, wadda ke kusa da garin Banli, ta tsaya a 1982, aka mai da ita gidan tarihi. Abin da ya burge ni shi ne mutanen lardin ba su bar labarin ya bi ginin ba. Garuruwa da yawa suna da ƙungiyar tarihin gari, ana haɗuwa a laburare ko zauren coci, a gayyaci wani ya yi jawabi a kan wata masaƙa ko wani layi, a nuna hotuna, daga nan sai tsofaffi su karɓe zancen. Tun a shekarun 1970 wata malama, Elizabeth Roberts, ta bi tsofaffin garuruwan Firestan da Lankasta da Baro da rikoda gida-gida, ta fitar da littafi a 1984 a kan rayuwar matan talakawa, kuma faya-fayenta suna nan a Jami'ar Lankasta.

A nan ne tambayar da ta dame ni take. Idan jama'ar gari suka taru don tuna iyayensu da sana'ar da ta raya su, me ya kamata a faɗa? Mu dai an rene mu a kan cewa mamaci alherinsa ake ambato, kuma rufin asiri ya fi tonon silili. Ka ɗauka a cikin zauren akwai jikan mai masaƙar, ga kuma jikar wadda tari ya kashe, suna zaune a benci ɗaya, ƙila ma sun zama surukai. Mai jawabi ya tashi. Shin ya tsaya a kan zumunci da hutun mako guda da ake yi kowace shekara a tafi bakin teku a Bilakful, kowa ya yi dariya a watse? Ko kuwa ya faɗi albashin, ya faɗi tarar da ake yanka wa masaƙiya in an ga aibi a yadi?

Masu son a yi shiru suna da hujja, kada mu raina su. Za su ce wanda aka zalunta ya tafi, wanda ya yi zaluncin ma ya tafi, to wa za a hukunta? Za su ce gari ya riga ya talauce, abin da ya rage masa kawai shi ne alfahari da da, in ka ƙwace wannan me ka bar masa? Na san wannan yanayin daga harkarmu. Duk lokacin da na rubuta cewa wani tsohon fim da jama'a ke ƙauna yana da rauni a labari, sai an ce min ba ni da kunya.

Amma dubi wani misali daga Lankashan kanta. Mafi yawan audugar da masaƙunta suka yi arziki da ita kafin 1861 daga kudancin Amurka take zuwa, kuma bayi baƙar fata ne suka noma ta. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke, auduga ta yanke, dubban ɗaruruwan ma'aikata suka shiga yunwa. A ranar 31 ga Disamba, 1862, wasu ma'aikata suka yi taro a Manchesta suka aika wa Shugaba Linkon takardar goyon baya a kan 'yanta bayi, duk da cewa cikinsu ba komai, shi kuma ya amsa masu a Janairun 1863. Labari ne mai daɗi, ya isa a yi fim da shi, har mutum-mutumin Linkon yana nan a Manchesta. Sai dai a daidai wannan lokaci, 'yan kasuwar Libaful da dama suna tare da masu bayin, kuma a wasu garuruwan saƙa an yi tarukan neman a amince da gwamnatin 'yan Kudu don auduga ta dawo. Wanda ya ba da rabin farko ya ɓoye na biyu bai yi ƙarya ba, amma ya yi abin da edita ke yi idan ya yanke sin ɗin da jarumi ya ji tsoro. Kuma ni a ganina ya rage wa mutanen taron Manchesta daraja, don jarumtarsu ba ta fitowa sai an san cewa akwai maƙwabtansu da suka zaɓi ɗaya hanyar.

Saboda haka ni ina ɓangaren a faɗa. Gulma daban, shaida daban. Gulma ita ce ka ci naman mutum don nishaɗi. Wadda ta ce mahaifiyarta ta kurumce a gaban inji tana da shekara arba'in, ita shaida take bayarwa a kan abin da ya faru a gidansu, kuma rufe mata baki da sunan kunya zalunci ne na biyu a kan na farko. Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan 'yan boko irinmu muke yin kuskure. Idan tsohuwa ta tashi ta ce ita kam ta ji daɗin masaƙa, a can ta sami ƙawaye, a can ta fara riƙe kuɗin kanta, ba hurumin mai digiri ba ne ya ce mata ai yaudararki aka yi. Ita ta tsaya gaban injin, ba shi ba. Nata daɗin ma shaida ne, a rubuta shi kusa da tarin 'yar'uwarta.

Mai karatu zai ce ina ruwan Biri da gada, me ya haɗa mu da Lankasha? Zare ne ya haɗa mu. A 1902 aka kafa kamfanin B.C.G.A. a Manchesta don nemo wa masaƙun can auduga daga ƙasashen da Ingila ke mulka, kuma shi ne ya kafa gidajen gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau. Audugar kakanninmu ta shiga waɗancan injuna. Daga baya, a 1957, gwamnatin Sardauna ta buɗe masaƙar Kaduna ta K.T.L. tare da kamfanin David Whitehead, wanda gidansa ke Lankasha. Kakuri ta cika da masaƙu, mutane daga ko'ina a ƙasar nan suka zo cin arziki. K.T.L. ta tsaya a 2002, U.N.T.L. ta rufe ƙofa a 2007, kuma jaridu sun sha ɗauko labarin tsofaffin ma'aikata da ke jiran haƙƙinsu shekara da shekaru.

Abin da na fi ji a bakin mutane game da Kakuri jimla ɗaya ce: da can an ji daɗi, Sardauna ya gina, na baya suka kashe. Gaskiya ne, amma ya yi gajarta. Ina so in ji daga bakin wanda ya yi aikin dare shekara ashirin, yaya kunnensa yake yanzu? Nawa ne albashinsa na farko, me ya saya da shi? Ranar da aka rufe get, me ya gaya wa matarsa da ya koma gida? Wa ya riƙa sayen atamfar fasa-ƙwauri mai araha lokacin da tamu ke jibge a sito, in ba mu da iyayenmu ba? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce tamu ta Libaful, kuma na san zaure zai yi tsit in an yi ta.

Mitchell da Kenyon sai da suka yi jigilar kyamarar katako da ake juyawa da hannu. Mu kowa da kyamara a aljihu, ga daraktoci da marubuta birjik daga Kano har Kaduna, amma muna ta maimaita labarin kishiya da ɗan mai kuɗi. Wanda ya shiga K.T.L. yana ɗan shekara 20 a ranar da aka buɗe ta, in yana raye, yanzu yana dab da 90.