Haƙƙin Matar Da Aka Saka A Cikin Idda

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci ga Annabi Muhammadu.

A Ƙofar Kwaya, kamar sauran unguwannin birnin Katsina, da zarar miji ya miƙa takardar saki, a ranar matar za ta ɗaure kayanta ta koma gidan iyayenta. Daga nan ko mudun gero ba ta ƙara gani daga hannunsa. Shari'a ba ta yarda da wannan al'ada ba.

Suratuɗ Ɗalaƙi ta hana a fitar da wadda aka saka daga ɗakinta. A mazhabar Imamu Malik, idan saki na kome ne, cinta da tufafinta da wurin kwananta suna wuyan miji har ta yi tsarki uku. Wadda aka yi wa saki uku tana da mazauni kaɗai, sai in tana da ciki, to, a ciyar da ita har ta haihu. Ibnu Abi Zaidin, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya kawo wannan a cikin Risala, ya kuma ce ana so a yi mata mut'a, wato kyautar sallama gwargwadon hali.

Abincin 'ya'ya kuwa, saki ba ya kayar da shi. Uban da yake da hali, ya jibga wa tsohon surukinsa wannan nauyi, ya ɗauki haƙƙi. Mace tana da ikon kai ƙara gaban alƙali. In kunya ta hana ta, hisabi yana jiransa ranar gobe ƙiyama.

Allah Ya sa a gyara, amin.