Isnadin Ɗan Tsana

A shekarar 1979, kamfanin Kenner na birnin Cincinnati a Amurka, wanda a lokacin ke da izinin ƙera 'yan tsanan fim ɗin Star Wars, ya shirya fitar da wani ɗan mutum-mutumi na roba mai suna Boba Fett, tsawonsa bai cika inci 4 ba, goye da ɗan jan makami da ke harbawa in an danna. Amma da labari ya bazu cewa irin wannan makami, na wani kamfani dabam, ya maƙale wa wani yaro a maƙogwaro har ya rasu, sai suka fasa, suka liƙe makamin yadda ba zai motsa ba, 'yan samfuran gwaji kaɗan suka saura a hannun ma'aikata. A 2024 an sayar da ɗaya daga cikinsu a gwanjo kan fiye da dala miliyan 1.3.

To, ga shi yau mutum yana zaune a ɗakinsa, zai ɗauki hoton tsohon ɗan tsana ta kowace fuska, kwamfuta ta harhaɗa hotunan ta fitar da surarsa, sa'an nan wata 'yar na'ura ta bi surar tana ɗora roba sala bisa sala har abin ya tsaya da ƙafafunsa; kuma tun 2009, da wa'adin haƙƙin mallakar wannan fasaha ta narkakkiyar roba ya cika, na'urorin suka yi arha, suka shiga gidaje. Idan an goge, an yi fenti da kyau, har an kwaikwayi ƙarzuwar da shekaru suka bari, ido ba ya saurin rarrabewa. Mene ne ke nan mai miliyan ya saya, wanda mai kwafi bai samu ba?

Ni dai a ganina, malaman hadisi sun riga kowa warware wannan mas'ala, domin su ne suka raba matani da isnadi, suka nuna cewa lafazi ɗaya tak yana iya zama sahihi ta wata hanya, ya zama ƙirƙirarre ta wata, alhali ko wasali bai sauya ba. Na'ura tana kwafar matani, watau sura da awo da launi, amma ba ta da ikon kwafar cewa wannan yanki na roba, shi ɗin nan, ya fito daga ma'aikatar Kenner, ya kwana shekaru a aljihun teburin wani ma'aikaci, ya bi hannu bayan hannu har ya iso. Shi ya sa masu tara waɗannan kaya suke neman shaidar wanda ya riƙe daga wanda ya riƙe, tamkar ɗaliban riwaya.

Da wannan ne hukuncin mai kwafi yake bayyana. Magabatanmu da suka juyi littattafai da alƙalami ba su yi laifi ba, hasali ma da su ilimi ya wanzu, kuma da yawansu sukan rufe aikin da sunansu da ranar gamawa, don kada a ɗauki hannunsu a matsayin hannun mawallafi. Wanda ya buga ɗan tsana da na'ura ya yi masa alama a tafin ƙafa cewa kwafi ne, yana bisa wannan turba, muddin bai ci haƙƙin masu zanen asali da sayarwa ba. Wanda kuwa ya tsufar da robarsa da gangan ya kai kasuwa da sunan asali, ya ƙirƙiri isnadi, ya faɗa cikin algus, irin na mai hatsin nan da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarinsa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa.

Sai dai akwai abin da ya fi wannan tsaya mini a rai. An ruwaito cewa Nana A'isha tana da 'yan tsana, cikinsu har da doki mai fukafukai biyu na tsumma, Manzon Allah ya gani ya yi dariya. Da wannan ne jumhur ɗin malamai, ciki har da Alƙali Iyal, suka ware kayan wasan yara daga hanin surori. Dalilin sassaucin kuwa wasa ne, ba adanawa ba. Wancan na miliyan yana kulle cikin akwati mai garai-garai, babu hannun da ke taɓa shi sai da safa, ya riƙe isnadinsa amma ya rabu da manufar da aka yi shi dominta. Shi kuwa na kwafin, wanda uba ya buga da dare, ya liƙe makaminsa kamar yadda Kenner suka yi, da safe yana hannun yaro a tsakar gida, ana binne shi cikin yashi ana tonowa, kuma in hannunsa ya karye, kafin azahar an buga wani.