ZIYARAR KUFAI A MUSULUNCI: ABIN DA SURAME KE KOYA MANA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai mulkin da ba ya gushewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, wani malamin makaranta daga Argungu ya aiko da tambaya. Ya ce ya yi niyyar kai ɗalibansa su ga kufan Surame, sai wani dattijo ya hana jikansa zuwa, ya ce wai ba ya halatta Musulmi ya shiga garin da ya mutu. Shin haka ne? Tambayar tana da nauyi, domin kuskure a cikinta yakan kai mutum ko dai ga haramta abin da Allah ya halatta, ko kuwa ga wasa da abin da ya kamata ya girgiza zuciya.

Bari mu fara da sanin wurin. Surame shi ne babban birnin Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga ƙarƙashin Askiya Muhammadu na Songhai wajen shekarar 1516, ya kafa daular Kabi. Ya kewaye birnin da ganuwa ta dutse da ƙasa, ya kuma tsaya wa rundunonin Songhai da na Barno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambaci ƙarfin Kanta da biranensa uku, watau Surame da Gungu da Leka, a cikin Infaƙul Maisuri. Amma a farkon ƙarni na 18 sarautar ta bar Surame ta koma Birnin Kebbi. Shi ma Birnin Kebbi ya faɗa hannun jama'ar Shehu Usmanu a 1805, ƙarƙashin jagorancin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, daga bisani kuma Kabawa suka kafa zamansu a Argungu. Yau kufan yana cikin ƙasar Binji ta Jihar Sakkwato, gwamnati kuwa ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964.

Ni kaina na taɓa tsayawa a wurin. Abin da ya fi kama ni shi ne shiru. Ga duwatsu a jere kamar yadda hannun magina ya aza su, ga ƙaya ta tsiro a inda dawaki suke wucewa, ba tambari, ba algaita, ba mai cewa hattara. Na tambayi raina, ina masu gadin ƙofa? Ina waɗanda suka ɗauko duwatsun nan a kansu?

To, wannan tambayar ita ce Alƙur'ani mai girma yake so mu yi. A wurare da dama, kamar cikin Suratur Rum da Suratu Gafir, Allah ya yi kira ga mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba ƙarshen waɗanda suka gabace su, alhali kuwa sun fi su ƙarfi da yawan gine-gine. A cikin Suratul Hajji an ambaci rijiyoyin da aka daina ɗiba da benayen da aka bari babu kowa, sa'an nan aka nuna mana cewa makanta ta gaskiya ita ce ta zuciya. Saboda haka zuwa kufai domin ɗaukar izina abu ne da shari'a ta kwaɗaitar a kai.

Amma kada mu yi saurin kushe dattijon nan, maganarsa tana da tushe. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa a tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta Hijir, garin Samudawa mutanen Annabi Salihu. Ya hana sahabbai shiga gidajensu sai dai cikin kuka da tsoron Allah, ya rufe kansa, ya gaggauta tafiya har ya wuce kwarin. Ya kuma sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyinsu. Sai dai a lura, wannan wuri ne da nassi ya tabbatar azaba ta sauka a cikinsa. Babu mai irin wannan nassi game da Surame. Birni ne da zamani ya juya masa baya, kamar yadda yake juya wa kowane birni, kuma ba mu da ikon yanke wa mutanensa hukunci. An ma hana mu zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar.

Ba ƙasarmu kaɗai ke da irin waɗannan wurare ba. A can Amurka ta Tsakiya akwai wata al'umma da ake kira Maya, sunan kabila ne, ba shi da dangantaka da maita. Sun gina birane irin su Tikal a ƙasar Gwatamala, da dogayen ɗakunan bauta na dutse, suna da rubutunsu da lissafin kwanakinsu. Wajen shekarar 900 yawancin manyan biranensu na kudu sun zama kufai, kurmi ya haɗiye su. Masana suna danganta wannan da fari mai tsawo, da yaƙe-yaƙe tsakanin sarakuna, da sare itatuwa har ƙasa ta gaji. Mu da muke zaune a bakin hamada, muna ganin yadda ake cinye dazuzzukanmu don itacen girki da gawayi, ai wannan labari da mu yake.

Wanda zai kai irin wannan ziyara, to, ya kiyaye abubuwa huɗu. Na farko, ya gyara niyyarsa, ya tafi neman izina da ilmi, kada a mai da wurin dandalin kiɗa da shewa. Na biyu, ya nisanci shirka. Ba a roƙon dutse ko itace ko wanda ke kwance a kabari, ba a yi musu yanka, ba a ɗebo ƙasar wurin don neman sa'a ko mulki. Kanta da kansa bai iya riƙe wa zuriyarsa birnin ba, ina zai ba wani kujera? Na uku, ya tsare amana. Masu kwashe duwatsun ganuwa su yi gini, da masu tono da dare suna neman dukiya, suna shafe wa'azin da aka bar wa na baya, kuma suna cin abin da ba nasu ba. Na huɗu, kada yawon kallo ya sa shi wasa da salla, idan kuma ya iske kaburburan Musulmi ya yi musu sallama da addu'a.

Ina ba malamin nan shawara, in sun dawo daga Surame ya biya da yaran Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, tsohuwar fadar da aka mai da wurin ajiye kayan tarihi a 1958. Za su ga masu da takubba da tambura na yaƙi a ajiye, babu mai ɗauka. Sa'an nan ya sauka da su bakin Matan Fada, ya gaya musu cewa a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, bayan gaba ta shekaru masu yawa tsakanin Sakkwato da Kabi, aka shirya kamun kifi don girmama shi. Ganuwar dutse ta zama kango, amma sulhun nan har yau jama'a na cin moriyarsa. Ya tambaye su, wanne ne ya fi ƙarko?

Wannan tambaya ba ta yara ba ce kaɗai. Mai riƙe da mulki a yau, da attajirin da ke aza bene kan bene alhali maƙwabcinsa na kwana da yunwa, da mu duka, kowa ya san gidansa kufai ne mai jiran lokaci. Abin da zai bi mutum kabari shi ne sadaka mai gudana, da ilmin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Shi kuwa dattijon, a je masa da ladabi, a bayyana masa bambancin Hijir da Surame. In ma da hali a tafi tare da shi, domin mai furfura ya fi kowa jin abin da kufai ke faɗi.

Allah ya buɗe idanun zukatanmu, ya sa mu cikin masu ɗaukar izina da waninsu, ya kyautata ƙarshenmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.