In Na'ura Ta Zalunce Ki, Wa Za Ki Kama?

Abin da ya sa na ɗauki biro a wannan karo wata magana ce da 'yar yayana ta zo min da ita, wadda har yau ta ƙi barin zuciyata ta huta.

Yarinyar nan ta yi karatunta har ta gama jami'a, ta yi bautar ƙasa, sannan aka yi mata aure. Haihuwa biyu a jere, ga kuma jinyar uwar mijinta da ta yi kusan shekara guda tana fama, kafin a ankara shekara huɗu sun shuɗe tana cikin gida. Da yaran suka ɗan tasa sai maigidanta ya yarje mata ta nemi aiki. Wani kamfani ya sa tallan neman ma'aikata a intanet, ta zauna cikin dare bayan yara sun yi barci ta cike komai da wayarta, ta tura wajen ƙarfe biyu saura. Ko fitila ba ta kai ga kashewa ba sai ga amsa ta shigo, wai sun gode, sun duba takardunta a tsanake, amma ba ta dace ba.

Washegari da hantsi sai ga ta a gidana, ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Gwaggo, don Allah wane ne yake zaune a ofis ƙarfe biyun dare yana duba takarduna a tsanake? Ni ba rashin aikin ne ya dame ni ba, abin da ba rabona ba ne ai ba zan ci ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ban san wanda ya hana ni ba, balle in tambaye shi laifina."

Na ce ta yi haƙuri, don kin san shi ne abin da babba yake fara cewa in ya rasa ta cewa. Amma bayan ta tafi sai na yi ta juya maganar.

A yau, a manyan kamfanoni da yawa na duniya, takardar neman aiki ba hannun mutum take fara shiga ba. Wata manhaja ce a cikin kwamfuta take fara tankaɗe takardun, kamar yadda kike zuba gari a rariya, mai laushi ya wuce, tsaki ya tsaya. Wasu manhajojin umarni kawai ake ba su, a ce duk wanda ba shi da kaza a ajiye shi gefe. Wasu kuwa koyo suke yi, su ne ake kira ƙirƙirarriyar basira. Sai a zuba musu dubban tsofaffin takardu, a nuna musu ga waɗanda aka taɓa ɗauka ga waɗanda aka bari, su kuma su yi ta lalube har su gano abin da waɗanda aka ɗauka suka yi tarayya a kansa. Daga nan duk sabuwar takardar da ta zo sai su auna ta da wannan ma'auni.

To a nan gizo yake saƙar. A shekarar 2014 kamfanin Amazon na ƙasar Amurka, wanda yake cikin manyan 'yan kasuwar duniya, ya sa ƙwararrunsa su haɗa masa irin wannan na'ura. Suka ciyar da ita da takardun neman aiki na shekara goma, aka tsara ta yadda za ta riƙa ba kowane mai nema tauraro daga ɗaya zuwa biyar. A shekarar 2015 sai suka lura da wani abu, na'urar ba ta son mata. In ta ga kalmar "mata" a takarda, misali yarinya ta rubuta cewa ta taɓa shugabantar ƙungiyar mata masu wasan dara a makarantarsu, sai ta rage mata maki. Haka ta riƙa yi wa waɗanda suka fito daga wasu kwalejoji biyu na mata zalla. Babu wanda ya zauna ya ce mata ta ƙi mace. Abin da ya faru shi ne yawancin takardun shekara goman nan na maza ne, domin maza ne suka cika aikin kwamfuta, ita kuwa ta ɗauka cewa haka ma'aikacin kirki yake. Barewa ai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Suka gyara mata waɗannan kalmomi, amma suka kasa samun tabbacin ba za ta ɓullo ta wata hanyar ba, daga ƙarshe suka watsar da aikin. Sai a watan Oktoba na 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fito da labarin duniya ta ji. Shi dai Amazon cewa ya yi masu ɗaukar ma'aikatansa ba su taɓa amfani da ita wajen tantance kowa ba.

Kafin mu yi ta Allah-wadai da Turawa da na'urarsu, bari mu ɗan leƙa tsakar gidanmu. Mu ma fa muna ɗaukar ma'aikata. Sau nawa kika ji mace ta ce, "Ni ba na ɗaukar 'yar aiki daga ƙauye kaza, wata ta taɓa sace min zannuwa"? Yarinya ɗaya ta yi laifi shekara bakwai da suka wuce, amma duk 'yan garinsu sun shiga baƙin littafi, har da waɗanda ba a haifa ba lokacin. Ni kaina na taɓa faɗin irinta, ba zan ɓoye miki ba. Ashe abin da na'urar nan ta yi ke nan, ta ga jiya ta yanke wa gobe hukunci. Bambancin kawai, ni son zuciyata yarinya ɗaya ko biyu zai taɓa, wataƙila ma in ta tsaya a gabana na ga nutsuwarta in ji kunya in sauya ra'ayi. Ita kuwa na'ura mutum dubu za ta kora kafin ruwan shayi ya tafasa, ba ta jin kunya, ba ta kwana da abin a rai.

Na san wata za ta ce, "Haba Hajiya, ai gara na'urar. Aƙalla ba ta da ɗan'uwa, ba ta karɓar na goro, ba ta cewa yarinya ta same ta a otal." Wallahi wannan magana tana da nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Duk wanda ya san yadda ake neman aiki a ƙasar nan ya san ciwon "wa kika sani", ya san yadda 'yar talaka mai takardu masu kyau take tsufa a layi alhali wata ta shiga da ɗan guntun kati daga wani babba. In har na'ura za ta kau da wannan, to ni ce ta farko da za ta rangaɗa mata guɗa. Kuma in mutum dubu ashirin suka nemi gurbi goma, babu ma'aikacin da zai iya karanta takardunsu duka, dole a sami abin tankaɗe.

Sai dai rariya ba ita take zaɓar girman idonta ba, wani ne ya saƙa ta. Ki duba abin da ya faru da wani kamfani mai suna iTutorGroup, wanda yake ɗaukar malamai a Amurka su koyar da ɗalibai a ƙasar Sin Turanci ta intanet. An saita manhajarsa ta riƙa korar duk macen da ta kai shekara 55 da duk namijin da ya kai 60, har aka kori mutum sama da 200. Yadda asirin ya tonu abin mamaki ne. Wata mata ce da aka kora ta sake tura takardunta yadda suke, ba ta sauya komai ba sai ranar haihuwa, ta mai da kanta ƙaramar yarinya, sai ga shi an kira ta intabiyu. Hukumar da ke kula da adalci a ɗaukar aiki ta Amurka ta kai su kotu, a shekarar 2023 suka yarda za su biya dala 365,000. Da matar nan ta ce ƙaddara ce ta koma ta zauna, Allah kaɗai ya san ranar da za a gane.

Ga kuma wanda ya fi kusa da 'yar yayana. A shekarar 2021 wani bincike da masana na Jami'ar Harvard suka fitar ya nuna kusan rabin kamfanonin da aka tambaya suna tace duk wanda ya yi sama da wata shida ba ya aiki. Wata shida! Ki lissafa goyon ciki da jego da shayarwa. Ki lissafa wadda ta yi takaba wata huɗu da kwana goma sannan ta tsaya tattara marayu. Ki lissafa wadda ta kwana a asibiti tana juya tsohuwa. A idon na'ura duk wannan rami ne kawai a takarda, babu komai a cikinsa. Kuma kin san waɗanda suka fi faɗawa wannan rami, mu ne. Har akwai lokacin da wani kamfani mai suna HireVue yake sa na'ura ta karanta fuskar mai neman aiki a bidiyo, kafin ya bayyana a farkon 2021 cewa ya daina. Na tuna 'ya'yanmu da muka tarbiyyantar kada su ƙura wa babba ido, na ce oh, da wane suna na'ura za ta kira kunyarsu?

To yanzu alhakin wa? Wanda ya ƙera zai ce shi sayarwa kawai ya yi. Kamfanin da ya saya zai ce shi bai san abin da ke cikinta ba. Ma'aikacin ofis zai ɗaga kafaɗa ya ce kwamfuta ce ta fitar da sunaye. Kowa ya wanke hannunsa, aka bar haƙƙi yana yawo babu mai shi. Ni dai a nawa ɗan tunanin, wannan wankin hannu bai fita ba. In mai awo ya sayi mudun da aka buga wa gindi ya yi ta auna wa mutane da shi, ba zai ce laifin maƙeri ne shi kaɗai ba, domin shi ne yake cin ribar, shi ne kuma ya kamata ya gwada mudunsa kafin ya baza kaya. In kuwa ya ce bai sani ba, sai mu tambaye shi ko ya taɓa son ya sani. Wani rashin sanin da gangan ake riƙe shi don yana da riba. Na'ura ba ta da wuyan da za a rataya wa amana, saboda haka amanar tana nan a wuyan wanda ya ce a kunna ta, ko ya kalli takardar ko bai kalla ba.

Hukumomi ma sun fara gane haka. A birnin Niyok na Amurka, tun watan Yuli na 2023, duk mai son amfani da irin wannan na'ura wajen ɗaukar aiki sai wani na waje ya bincike ta duk shekara a ga ko tana fifita wani jinsi ko launi, a buga sakamakon, a kuma sanar da mai neman aiki cewa na'ura ce za ta duba shi. Tarayyar Turai ta yi tata dokar a 2024, ta sa na'urorin ɗaukar aiki cikin sahun masu babban haɗari, waɗanda dole mutum ya tsaya a kansu. Mu ma nan Nijeriya ba a bar mu a baya ba a takarda. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, a sashe na 37, ta ba mutum 'yancin kada a yanke masa hukunci mai nauyi da na'ura zalla, kuma ko a inda doka ta yi rangwame, yana da damar ya nemi ɗan'adam ya duba, ya faɗi ta bakinsa, ya ƙalubalanci hukuncin. Na ce a takarda, don kin san halin dokokinmu, in ba a tashe su ba barcinsu suke yi. Mata nawa ne ma suka taɓa jin labarinta?

Da 'yar yayan nawa ta dawo na faɗa mata wannan, sai ta yi dariya ta ce, "Gwaggo, ni wa zai saurare ni?" Na ce to ai matar nan ta Amurka ma ita kaɗai ce. Ranar Juma'a da yamma muka shimfiɗa tabarma muka rubuta musu wasiƙa cikin ladabi, ta ce tana roƙon wani mutum mai rai ya sake duba takardunta, a kuma gaya mata dalilin da ya sa aka ajiye ta. A wurin shekara huɗun nan da ta bari fayau a karon farko, wannan karon ta rubuta abin da ta yi a cikinsu, renon yara biyu, jinyar mara lafiya, da riƙe littafin adashen mata talatin na unguwarsu wanda ko kwabo bai taɓa ɓata a hannunta ba. Ta tura ana kiran sallar magariba. Yau kwana tara ke nan amsa ba ta zo ba, ita kuwa cewa take yi ko ba komai wannan karon ba a kore ta cikin minti biyar ba.